Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Baba Akawu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye don kunya, iyalan Baba Akawu suke sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda aka taɓa buga wa takarda a falon gidan nan, rasuwar kwamfutarsu da kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a kan teburinta na jikin taga, bayan gajeriyar jinya da ba ta kai awa biyu ba. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, wanda a wajen na'urori tsufa ne mai kyau.

Wannan sanarwa ta makara da fiye da mako biyu. Dalilin makarar yana cikinta, shi ya sa ta fi irin wadda aka saba gani tsawo. Wadda aka ɗora wa rubuta ta ita ce autar gidan, injiniyar manhaja, wadda a gida ake kira Auta. Baba ya gindaya mata sharaɗi biyu. Kada ta rubuta "ni", don a shekara talatin da biyu da ya yi yana aikin akawu bai taɓa ganin sanarwa ta ce "ni" ba. Kuma kada ta rage komai. Na farkon bai yi mata wuya ba.

Marigayiya ta shigo gidan nan a shekarar da Baba ya yi ritaya. 'Ya'yansa ne suka haɗu suka kawo ta, don sun ga zaman kawai yana neman kwantar da shi. Wata biyu cur ya yi bai taɓa ta ba. Ya lulluɓe ta da tsohon labule, ya ce shi bai yarda da tafiretar da ba a sa mata ribon ba. Sai ranar da wata maƙwabciya ta shigo tana hawaye a kan takardar fanshon mijinta, tsohuwar tafiretarsa kuma ta cije ta ƙi motsi, sannan ya yaye labulen yana gunaguni. Daga ranar ba su sake rabuwa ba.

Sunan kuwa jikoki ne suka raɗa mata. Idan aka danna mata maɓalli da safe, sai ta yi wani dogon nishi, "ƙurrr, ƙurrr", kamar tsohuwar da aka ce ta tashi ta ba baƙo wuri. Sai ta yi shiru har ka ce ta fasa. Can sai ta ce "tit" sau ɗaya, alamar ta haƙura za ta yi. Baba ba ya gaggauta ta. A wannan tsakanin yake haɗa shayinsa, ya goge tabarau, su fara aiki tare.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da haƙuri. Baba bai taɓa yarda cewa maɓallan kwamfuta ba sa buƙatar duka ba, haka ya ci gaba da zabga musu yatsa kamar yana kan tafireta, har harafin A da N da K suka goge gaba ɗaya, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta buga takardun neman aiki ba adadi, wasu an samu, wasu har yau ana jira. Ta buga koke a kan kwatar da ta toshe a bakin layi sau shida. Ta buga wasiƙar wata uwa zuwa ga ɗanta da ya yi shekara huɗu bai kira gida ba, aka goge aka sake har sau tara kafin uwar ta ce ya yi. Ta san asirin rabin unguwar nan, ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ba. A kanta ne kuma Auta ta fara rubuta layin manhaja na farko a rayuwarta, tana 'yar sakandare, a lokacin da Baba yake barcin rana.

Ba a ce ba ta da aibi ba. Agogonta kullum yana baya da minti bakwai. Ba ta son a buɗe mata abu uku a lokaci ɗaya. Ita da firinta kuwa zaman haƙuri suka yi, sai a yi kwanaki ba sa ga maciji, sai an kashe su duka an sake kunnawa su shirya.

Ta rasu ta bar firintar nan, wadda tun ranar ba ta ce uffan ba. Ta bar kibod mai gogaggun haruffa, da maus na uku, biyu sun riga ta, da sikirin mai ɗan tabo a kusurwar hagu. Ta bar sitabilaiza, wanda yake bakin aiki lokacin da abin ya faru, aka kuma yi masa kallon banza na kwanaki ba da haƙƙinsa ba. Ta bar takardu uku da aka fara ba a gama ba. Ta bar Baba, wanda har yanzu yake haɗa shayi a lokacin da suka saba, ya zauna a gaban tebur.

Ga yadda jinyar ta kasance.

Auta tana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa ƙananan asibitoci kwamfutoci, irin asibitocin da ba su da wuta sai ta sola. A irin waɗannan wurare kwamfuta da firjin allurai batir ɗaya suke sha. Idan kwamfuta ta yi haɗama da rana, kafin gari ya waye firji ya mutu, allurai su lalace. Aikin da aka ba Auta shi ne ta rubuta direba. Ranar da ta faɗa wa Baba haka ya ce, "Shekara biyar a jami'a, ashe direba za ki zama?" Ta yi masa bayani cewa direba a nan wata 'yar manhaja ce da ke tafinta tsakanin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta da wani sashe na jikinta. Nata direban da firosesa yake magana, wato ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ta fi komai cin wuta. Aikinsa biyu ne: ya tambaye ta wat nawa na wuta take ci ya faɗa, ya kuma ja mata layi cewa kada ta wuce kaza.

Sai dai firosesa ba ta san wat ba. Da nata mudun take awo, kuma kowace tsara da girman nata mudun. Akwai wani ɗan gurbi a cikinta da ake tambaya, ta faɗi girman mudunta, a yi lissafi da shi. Layi uku ne kacal a rubuce. Auta ba ta rubuta su ba. Na'urorin gwaji na ofis duk sabbi ne, mudunsu ɗaya, sai kawai ta ɗauki lambarsu ta kafe ta a cikin direban. Madam, shugabar sashensu, wadda ke duba aikin kowa kafin ya wuce, ta gani ta rubuta mata a gefe: "Tambayi firosesa mudunta, kada ki yi mata zato." Auta ta amsa da cewa za ta gyara kafin a rufe aikin. Ranar Laraba ke nan.

Rabin kwamfutocin asibitocin tsofaffi ne, sa'o'in Gwaggo. An sa gwajinsu wata mai zuwa, a ɗakin gwaji, da mita ta daban a jikin wayar wuta wadda za ta gaskata ko ta ƙaryata abin da direba ya faɗa. Auta ba ta so jira ba. Tana son ta shiga taron ofis na Litinin ta ce ta riga ta gwada a tsohuwar na'ura, ya yi. Babu wani dalili da ya wuce wannan. Ta nema ba ta samu ba.

Ranar Asabar da safe ta sami Baba a falo.

"Baba, a ara mini Gwaggo na awa biyu."

"Me za ki yi mata?"

"Ci zan rage mata. Hutu ma za ta samu."

"To. Ki dai bi ta a hankali, ta tsufa."

Ta ɗora direban, ta sa iyaka wat ashirin. Sannan ta yi abu na biyu. Kowace firosesa idan zafi ya yi mata yawa tana rage gudu da kanta don ta tsira. Auta ta kashe wannan, don a ga cewa direbanta ne kaɗai ya riƙe na'urar, ba wani abu ba. Daga nan ta lafta mata lissafi mafi nauyi da take da shi, ta koma ta zauna.

Mudun Gwaggo ya ninka na na'urorin ofis sau takwas. Iyakar da aka ƙera ta da ita wat sittin da biyar ce. Da Auta ta rubuta ashirin, abin da Gwaggo ta ji shi ne ɗari da sittin, kuma ita ba mai musu ba ce. Da direban ya juyo ya tambaye ta nawa take ci, ta faɗi gaskiya da mudunta, shi kuma ya raba takwas ya rubuta a sikirin: goma sha takwas. Ƙasa da ashirin kaɗan, daidai yadda ake so. Auta ta ɗauki hoton lambar da waya tana murmushi.

Fankar Gwaggo, wadda kowa ya sani da "shhh" ɗinta mai sa gyangyaɗi, ta fara ɗaga murya. Daga nan ta koma wani siririn kuka, "wiiii", ba tsayawa ba shan iska. Baba ya ajiye kofin shayi.

"Auta, wannan kukan ba nata ba ne."

"Ƙura ce a fankar, Baba. Duba nan ka gani, sha takwas kawai take ci. Tun da aka ƙera ta ba ta taɓa samun sauƙi irin na yau ba."

Baba ya gyara tabarau ya dubi lambar, ya dubi 'yarsa. Ya kai tafin hannu jikin akwatin, ya janye da sauri. Ya ce, "To, ke kika sani." Auta ta ga yadda ya janye hannun. An ce kada ta rage komai, don haka ga shi an rubuta: ta gani. Ta dubi sikirin, ta ga sha takwas, ta tashi ta tafi bayan gida shanya kayan wanki.

Saboda haka lokacin da Gwaggo ta cika, Baba ne kaɗai a kanta. Ya ce kukan ya yi sama, ya ƙara yin sama, sai ya ji "tas", kamar an jefa tsakuwa a kan kwano. Sikirin ya yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya fito ta baya da warin ƙonanniyar roba. Ya fizge filogi, ya tsaya riƙe da shi, ya kira sunan Auta sau biyu. Ta shigo da jiƙaƙƙen zani a hannu. Ta danna maɓalli. Babu nishi, babu "tit". Ta haska fitilar waya ta ramukan iska, ta ga 'yan ƙananan abubuwan da ke shayar da firosesa wuta sun yi baƙi ƙirin, ɗaya ya fashe.

Da rana Yaya Babba ya zo. Yaya mutum ne mai son mahaifinsa, kuma mai saurin gano mai laifi. Ya zagaya tebur, ya shinshina, ya duƙa ya ga sabon soket fari fat a bango.

"Wa ya taɓa wutar nan?"

"Dogo ne ya canja soket ranar Alhamis," in ji Baba.

"Shi ke nan. Ga magana."

Wanda bai san Kawu Dogo ba, shi ne mai gyaran wuta da ke da shago a kwanar layin nan. Shekara ashirin yana shiga gidajen unguwa, ana barin masa mabuɗi a tafi aiki. Shi ne mutum na farko da ya fara kiran Auta Injiniya, tun ranar da ta samu gurbin jami'a, lokacin da 'yan gida ke mata dariya.

Baba ya juyo wajenta. "Auta, abin da kika sa mata ba zai yi haka ba?"

"Sha takwas take ci, Baba. Kai ma ka gani."

A lokacin ba ta tabbatar ba, wannan gaskiya ne. Amma ta san inda ya kamata ta duba. Ba ta duba ba sai Litinin. Ta buɗe aikinta a ofis, ga rubutun Madam nan a gefe yana jiran ta. Ta buɗe kundin masu ƙera firosesa, ta nemo tsarar Gwaggo, ta ga mudun. Ta ɗauki biro ta ninka sha takwas sau takwas a bayan wata takarda. Ɗari da arba'in da huɗu. Sannan ta rubuta layukan nan uku, ba su ɗauke ta minti goma ba.

A taro Madam ta yabe ta a gaban kowa. Ta ce ita kanta tsabtar aiki kawai ta yi nufi, ba ta zaci bambancin ya kai haka ba, da an tafi da shi yadda yake da tsofaffin kwamfutoci arba'in sun shiga haɗari a asibitoci.

"Yaya aka yi kika gano ya kai sau takwas?"

"Kundin na sake karantawa," in ji Auta. Aka tafa mata.

A unguwa kuwa magana ta riga ta yi nisa. Tun ranar Asabar Yaya ya sa hoton soket da na marigayiya a zauren hirar maƙwabta na waya, da gargaɗi cewa a yi hattara. Ranar Lahadi Kawu Dogo ya zo da mitarsa, ya kwance soket ɗin, ya auna sau uku, ya bi waya har akwatin fis. Ya miƙe yana share zufa ya ce, "Ban ga komai ba, Baba. Amma ban ce ba ni ba ne. Hannu ne, yana iya kuskure." Yaya ya ce ai ga shi ya amsa da bakinsa.

Nan da nan kowa ya tuna wani abu. Mai aski ya tuna injin askinsa da ya ƙone bara. Wata ta tuna dutsen gugarta. Mai makarantar bayan layi, wanda ya riga ya ba Kawu Dogo aikin jan waya a sabbin azuzuwa shida, ya aiko cewa a dakata tukuna. Ranar Talata da safe Kawu Dogo ya wuce ta ƙofar gidan nan, Baba yana zaune a waje, Kawu ya tsaya ya yi sallama. Baba ya kau da kai. Kawu ya sake yi, ya ɗan jira, ya wuce. Auta tana tsaye a taga da jakar aiki a kafaɗa. Ta jira ya yi nisa sannan ta fita.

Ranar Alhamis suka yi kiciɓis a bakin titi, ba wurin kaucewa.

"Injiniya, tsaya in tambaye ki, ke da kika san abin. Wuta tana iya shigowa ta soket, ta ratsa sitabilaiza ba ta taɓa shi ba, ta je ta ƙona na'ura?"

Ba faɗa yake nema ba. Tambaya yake kamar ɗalibi, ya rame a kwana biyar.

"Yana yiwuwa, Kawu," in ji ta.

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode.

Kullum da safe takan ce yau za ta faɗa. Sai ta fito ta ga Baba zaune gaban tebur da shayi, ta ce bari ya ɗan huce. Da farko maganar na'ura ce kawai za ta faɗa. Bayan kwana biyu ta zama maganar na'ura da shiru. Bayan Alhamis ta zama maganar na'ura da shiru da ƙarya, kowace rana tana ƙara nauyi, ita kuma tana ƙara jin ba za ta iya ɗagawa ba. Ta daina cin abinci a falo. Ta canja hanyar zuwa bakin titi don kada ta bi ta kwanar shago.

Ranar Laraba, kwana goma sha ɗaya da rasuwa, Yaya ya zo da yamma ya ce abin bai kamata ya tsaya a surutu ba, a rubuta wa ƙungiyar masu gyaran wuta, su san irin mutumin da suke ba katin shaida. Baba ya ce to. Ya dubi teburin da babu kowa, ya ce, "Auta, ɗauko taki."

Ta ɗauko kwamfutarta ta cinya ta zauna. Baba ya jingina, ya rufe ido yadda ya saba idan zai yi shifta.

"Zuwa ga shugaba. Bayan gaisuwa mai yawa. Ina mai takaicin sanar da ku wani sakaci da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiyarku ya aikata a gidana, wanda ya jawo mini asarar da ba ta da madadi. Aya. Karanta mini."

Ɗabi'arsa ce, ba ya wuce sakin layi sai an karanta masa. Ta fara. Ta kai "sakaci", ta tsaya. Ta sake gwadawa.

"Ba ki iya karatu ba ne kuma?" in ji Yaya.

"Baba, ba Kawu ba ne. Ni ce."

Ta faɗi komai, ba a jere ba: mudun, layi uku, kariyar zafin da ta kashe, lambar da ta ninka a bayan takarda, tafin da aka yi mata, abin da ta ce wa Kawu a bakin titi. Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Tun yaushe kika tabbatar?"

"Tun waccan Litinin."

Ya ƙirga a yatsu. "Kwana tara."

Yaya ya miƙe zai fara, Baba ya ɗaga masa hannu. "Kai zauna. Bakinka ne ya kai maganar titi." Ya juyo wajenta, bai ɗaga murya ba. "Na'ura ce, Auta. Ni ma na ji zafinta a hannuna na yi shiru, don na ga lamba, kuma na ga ke ce. Wannan namu ne mu biyu. Amma kina tsaye kika bar ni, da furfurata, mutum ya yi mini sallama a ƙofar gidana na kau da kai."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Washegari da safe ya sa kayan fita, ya ce ta wuce gaba. Suka sami Kawu Dogo a shago, zaune tsakanin nannaɗaɗɗun wayoyi, yana feƙe bakin wata da filaya. Baba ya yi sallama, ya jira aka amsa, ya ce ya zo neman afuwa, ga kuma mai bayani. Auta ta durƙusa ta sake faɗa tun daga farko. Kawu bai daina feƙe wayar ba sai da ta zo kan mudu, nan ya tsaya ya sa ta maimaita, don shi ma'aikaci ne, yana son ya fahimci inda abu ya lalace.

"Wato da mitar da ba ki gwada ba kika yi awo."

"Haka ne, Kawu."

"Kin san gida nawa na koma na kwance aikina a kwanakin nan? Sha huɗu. Ina neman inda hannuna ya fara lalacewa." Ya ajiye filaya. "Ranar da na tsayar da ke a titi, kin riga kin sani?"

"Na sani."

Ya dubi Baba ya ce, "Ba komai, Baba, tsakanina da kai ya wuce." Ya jawo masa kujera, ya tambayi ƙafarsa mai ciwo. Ita bai ce mata komai ba, kuma ba ta ga laifinsa ba.

A ranar ta je wajen mai makaranta. Ya saurare ta, ya ce Allah ya kyauta, amma an riga an ba wani aikin, har ya gama aji uku. Ta kuma je ta faɗa wa Madam yadda aka yi ta gano sau takwas. Madam ta cire sunanta daga cikin masu zuwa asibitoci ɗora direban, ta sa ta ƙara masa wani sharaɗi: duk wanda ya ba shi iyakar da ta wuce wadda aka ƙera firosesa da ita, ya ƙi karɓa, ko wane ne. Ta kuma sa ta rubuta abin da ya faru a saman layukan nan uku, don kada wani mai sauri ya zo nan gaba ya ga kamar ba su da amfani.

Baba ya ce an shirya takarda za ta fita daga gidan nan, kuma za ta fita, sai dai ba waccan ba. Ita ce wannan.

Saboda haka iyalai suna sanar da jama'a cewa soket ɗin falo lafiyarsa ƙalau. Sitabilaiza bai yi barci a bakin aiki ba. Babu ƙura a fanka. Kawu Dogo ba shi da hannu a rasuwar Gwaggo, ko kusa ko alama, kuma iyalai ba su san komai ba game da injin aski ko dutsen guga. Marigayiya ta yi abin da aka umarce ta, ta faɗi gaskiya da aka tambaye ta, ta yi kuka da iyakar muryarta. Wadda ta ba da umarnin, ta kuma ji kukan ta tafi shanya, ita ce ta rubuta wannan.

Za a fitar da gawa ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, daga falon gidan nan zuwa rumfar masu karɓar matattun na'urori da ke bayan kasuwa. Ba za a jefa ta a bola ba, ba za a ƙona ta ba. Yaya Babba ne zai ɗauke ta da hannunsa, bayan ya sa wannan sanarwa a zauren wayar da ya sa waccan. Ana roƙon duk wanda ya kai labarin farko wani wuri, ya daure ya kai wannan har can.

Baba zai karɓi ta'aziyya a falo. Kada a yi wa Auta, a ba ta wuri kawai ta raba shayi. Ana kyautata zaton faifan ajiyar marigayiya ya tsira da duk takardun da ke ciki, sai dai zaton Auta ne, kuma zatonta ba shi da kasuwa a gidan nan yanzu. Idan ya tabbata, mai son a ba shi tasa ko a goge ta sai ya yi wa Baba magana a keɓe.

Kafin a ɗauke ta sai an buɗe akwatin an ciro faifan. Sukurori huɗu ne, kowa zai iya kwancewa, amma Baba ya ce mutum ɗaya ya yarda ya taɓa su. Auta ta kai saƙon shago da kanta. Kawu Dogo ya ce, "Na ji." Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

An ajiye masa kujera kusa da ta Baba. Idan ƙarfe goma ta wuce bai iso ba, za a jira.